Tambaya da Amsa: Haɗin Yogot da Kayan Marmari Mai Sanyi Don Karin Kumallo Lokacin Zafi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda zafi ya kankama saƙonnin da ke shigowa filin nan suka karkata wuri ɗaya, kowa na neman abin da zai karya da shi wanda ba sai an tsaya gaban wuta ana haɗa zufa ba, kuma mafi yawansu kan haɗin yogot da kayan marmari ne, wanda ake markaɗawa a bilenda a sha da sanyinsa. Na tsinto waɗanda aka fi maimaitawa, waɗanda ban kai ga nasu ba su yi haƙuri.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni dai duk lokacin da na haɗa sai ya fito min tsululu, ina zuba yogot da ayaba da kankana sai in cika ƙanƙara don yayi sanyi, amma kafin in kai rabin kofi ya salance ba wani daɗi. Dan Allah a ina matsalar take?

AMSA: Ƙanwata matsalar na wurin ƙanƙarar nan da kike cikawa. Ƙanƙara ruwa ce zalla, tana fara narkewa tun a cikin bilenda, kuma a wannan zafin kafin ki zauna ta gama komawa ruwa, ga kankana da kika ƙara wadda ita ma kusan kashi 92 cikin 100 ɗinta ruwa ne, kinga ruwa kan ruwa kenan, yogot ɗin ya ɓace a tsakani. Abin da nake so ki riƙe, kuma shi ne rabin amsar duk tambayoyin yau, shi ne ki bar sanyin ya fito daga jikin kayan marmarin. Daskarar da su zaki yi, su za su zame miki ƙanƙarar, su kawo sanyi su kawo kauri, in sun narke kuma ɗanɗano suke saki ba ruwa ba.

Ki samu ayabar da ta nuna sosai, irin wadda bawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi har wasu ke cewa ta lalace, ita ce daidai domin sitacin cikinta ya riga ya juye ya koma suga, ba kya buƙatar ƙara komai. Ki ɓare ta tukunna, kar ki sa ta da bawo don in ta daskare cire bawon nan aiki ne. Ki yanka ƙanana kaurin ɗan yatsa, ki jera a faranti ko tire kar su taɓa juna, ki tura firiza awa biyu zuwa uku, in kin ɗauki guda kin ji ta yi tauri tana ƙara a jikin farantin toh sai ki kwashe ki zuba a leda ko roba mai murfi. Dalilin jerawar nan shi ne in kika tula su wuri ɗaya da ɗanyensu dunƙulewa za su yi su zama curi guda, da safe kina sauri kina fama da wuƙa, kuma curin nan shi ke wahalar da injin bilenda har ki ji yana warin ƙuna. Haka zaki yi wa mangwaro, ki feraye ki yanka ki jera. Suna kai wata biyu zuwa uku lafiya lau in firizar na riƙe sanyi.

Ga awon da nake yi wa mutum biyu: yogot marar suga kofi ɗaya, kamar mil 250, ayaba ɗaya daskararriya, yankakken mangwaro daskararre kofi ɗaya, sai madara ko ruwa rubu'in kofi. Mai ruwa-ruwan zaki fara zubawa a ƙasa wurin wuƙar, sannan yogot, daskararrun su zo ƙarshe a sama, hakan ne ke sa wuƙar ta samu abin juyawa ta riƙa janyo na saman. Ki fara da ƙaramin gudu sannan ki ƙara, minti ɗaya ya isa, in kin daɗe kina markaɗe injin da kansa ɗumama miki haɗin yake. Kuma ki fara da ruwa kaɗan, in ya yi kauri da yawa kya ƙara cokali-cokali, amma in ya riga ya tsinke gyaransa sai da ƙarin ayaba.

Ita kankana ban ce ki rabu da ita ba, a lokacin zafi ba abin da ya kai ta sanyaya rai, sai dai in zaki sa ta ki cire 'ya'yan, ki ɗauke ta a matsayin ruwan haɗin, wato kar ki ƙara madara ko ruwa sam. In ma kina son sanyin ya ƙara ƙarfi ki zuba yogot ɗin kansa a robar yin ƙanƙara ya daskare, ki jefa guda uku ko huɗu.

TAMBAYA: Salam Anti. Na haɗa yogot da abarba da gwanda, da na ɗanɗana lafiya ƙalau, na ajiye wa maigida nasa a firij, da ya zo sha sai ɗaci kamar an jiƙa magani. Yogot ɗin ne ya lalace ko me?

AMSA: A'a 'yar uwa, yogot ɗinki bai yi laifi ba, abarbar da gwandar ne, kuma kin haɗa su biyu a kofi ɗaya shi yasa abin ya yi tsanani. Ɗanyar abarba tana da wani sinadari da ake kira buromelin, gwanda tana da nata mai suna papayin, ɗan itacen nan kiwi ma yana da irinsa, aikinsu duka ɗaya ne, tsinka furotin. Shi ne abin da ke sa ki ji harshenki na zafi-zafi in kin sha abarba da yawa, kuma daga su ake yin hodar da ake barbaɗa wa nama don ya yi laushi. Toh in suka haɗu da furotin ɗin madara sai su shiga yayyanka shi ƙanana, waɗannan gutsattsarin su ne masu ɗacin, kuma su ne ke sa haɗin ya saki ya koma ruwa-ruwa. Ba nan take abin ke faruwa ba, a hankali yake tafiya, shi yasa naki da kika sha da wuri ya yi daɗi nasa da ya jira ya yi ɗaci.

Sanyin firij rage masa gudu kawai yake, firiza ma ba ta kashe shi, da ya narke zai ci gaba daga inda ya tsaya. Zafi ne kaɗai ke gamawa da shi, shi yasa abarbar gwangwani ba ta kawo wannan matsalar tunda an riga an dafa ta. Saboda haka hanya biyu ce, ko dai ki markaɗa a sha a take, ko ki ɗan tafasa yankakkiyar abarbar na 'yan mintuna ta huce sannan ki daskarar da ita. Ni gaskiya na fi son ta farko, ɗanyar abarba tana da wani ƙamshi da tafasa ke tafiya da shi, ki jira sai maigida ya zauna sannan ki kunna bilendar, minti ɗaya ne fa. Ki kuma kula da 'ya'yan gwanda da na lemu da farin ɓargon nan na jikin lemu, ko guda biyu suka shige za su ɓata miki ɗanɗano.

TAMBAYA: Ina fita aiki da sassafe ba ni da lokacin haɗa komai. Zan iya markaɗawa da daddare in sa a firij, ko in zuba a gora in tafi da shi in sha wajen sha ɗaya?

AMSA: Nan ne nake so ki natsu sosai ƙanwata, don wannan ya wuce maganar daɗi ya shiga maganar lafiya. Madara da yankakkun kayan marmari abinci ne da ƙwayoyin cuta ke so, kuma sun fi hayayyafa tsakanin maki 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos. Ƙa'idar da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ke bayarwa ita ce kar irin wannan abinci ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin gari ya haura maki 32 toh awa ɗaya ne kacal. Ki lissafa, kin fita ƙarfe bakwai gorar roba na cikin jaka ko cikin mota, zuwa sha ɗaya awa huɗu kenan, wannan bana ba ki shawarar ki sha shi. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne yogot dama da tsaminsa, hanci da harshe ba lallai su gaya miki ya juya ba.

In dole sai kin tafi da shi ki nemi filas mai riƙe sanyi, ki zuba masa ruwan ƙanƙara ki rufe na ɗan lokaci jikinsa ya ɗauki sanyi, ki zubar sannan ki ɗura haɗin da kaurinsa, kuma duk da haka ki sha da wuri. In kin buɗe kin ji babu sauran sanyi ki haƙura da shi.

Kwana a firij kuwa ba laifi in firij ɗin na riƙe maki 4 ko ƙasa, ki zuba a kwalba mai murfi ki cika ta har baki don iska ta ragu, ki shanye washegari kar ya ƙara kwana. Zaki tarar ya rabu biyu ruwa a ƙasa kauri a sama, launin ma ya ɗan dushe ya yi ruwan ƙasa saboda ayaba in ta haɗu da iska haka take, wannan ba lalacewa ba ce, girgizawa zaki yi, matsa ɗan lemun tsami kuma na rage dushewar. Amma ban da abarba da gwanda a na kwana, kin ji dalili a amsar da ta gabata. In aka ɗauke wuta, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabi awa 24, abin da ya wuce haka kar ki yi kasada da kayan madara.

Abin da ya fi duk wannan sauƙi, da daddare ki ƙulla kason kayan marmarin kowace safiya a ledarsa daban ki jera a firiza, da safe ki juye leda ɗaya, ki zuba yogot, ki danna. Wankin bilendar ma ba wuya, kina juyewa ki zuba ruwa da ɗigon sabulu ki kunna daƙiƙa kaɗan ki ɗauraye, amma ki riƙa kwance ƙasan lokaci-lokaci domin a ƙarƙashin robar nan da ke zagaye da wuƙa dauɗa ke maƙalewa ta yi wari. Sannan ki wanke bayan kankana da mangwaro kafin ki sa wuƙa, duk abin da ke jikin bawon wuƙa ce ke shigar da shi ciki. Ƙanƙara ma in ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba ki bar ta, daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne, uwargida ta koma haɗa mana wannan abin kullum da safe, yana da daɗi ba ƙarya, amma wallahi ƙarfe goma na yi yunwa ta dame ni. Anya wannan abinci ne?

AMSA: Malam ka yi gaskiya, in ayaba da mangwaro ne kawai da ɗan yogot toh suga da ruwa ka sha, kuma abu mai ruwa ya fi saurin barin ciki kan abin da aka tauna. Abin da ke riƙe mutum furotin ne da ɗan maiƙo da faiba, su ya kamata a ƙara. Yogot na yau da kullum yana da furotin kamar giram 3 zuwa 4 a kowane giram 100, wanda aka tsane ruwansa, irin wanda ake kira na Girka, yana kai giram 9 zuwa 10, ka ga ya ninka fiye da biyu. Uwargida za ta iya yinsa da kanta, ta shimfiɗa tsaftataccen ƙyalle mai laushi a rariya, ta ɗora kan kwano, ta juye yogot ta sa a firij 'yan awanni, ruwa mai ɗan launin ɗorawa zai ɗiga ƙasa, na saman ya yi kauri har cokali ya tsaya a ciki. Ruwan ma kar ta zubar, da shi za ta sassauta haɗin.

Sai ta ƙara ots, hatsin nan da ake damawa kamar kunu, babban cokali uku, in ta jiƙa shi cikin yogot ɗin tun dare ya fi laushi ba za ka ji tsaki-tsaki ba, da markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali ɗaya ko rubu'in fiya. In an yi shi da kauri aka zuba a kwano aka yanka ɗan kayan marmari a kai ka sha da cokali kana taunawa, za ka ji bambanci da wanda ka kwankwaɗe a tsaye. Ranar da aikin ƙarfi ke gabanka kuma ka haɗa da dafaffen ƙwai, guda ɗaya na da furotin kamar giram 6. Kuma ka sha ruwa daban, haɗin nan ba ya maye gurbin ruwa a lokacin zafi.

TAMBAYA: Mahaifiyata na da ciwon suga kuma tana sha'awar haɗin nan in ta ga muna sha. In na cire suga na sa mata zuma ko dabino ya yi?

AMSA: Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri kan kula da ita. Zuma dai a wajen jinin mai ciwon suga ba ta da wani nisa da suga, tana ɗaga shi ita ma. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2015 ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin sugan da ya kamata a taƙaita, ta ce kar ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in an sauko kashi 5 ya fi, wato kamar giram 25 ko ƙaramin cokali 6, kuma wannan ga mai lafiya ma kenan. Dabino yana da faiba da sauran amfani amma kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne, guda uku huɗu a kofi ba ƙaramin abu ba ne. Ayaba matsakaiciya ita kaɗai tana da suga kamar giram 14.

Wurin da mutane suka fi faɗawa shi ne yogot ɗin kanti mai ɗanɗano. Ki juya robar ki duba, marar suga yakan nuna giram 4 zuwa 5 a giram 100, wannan na madarar ne na asali, in kin ga 12 ko 13 toh ragowar zubawa aka yi. Ga Mama ki ɗauki marar suga, yogot ya fi yawa kayan marmari su zama kaɗan, rabin ayaba wadda ba ta nuna can ba ko ɗan tuffa ko gwaiba, da fiya don kauri, da ɗan kirfa ko na'a-na'a saboda ƙamshi. Kar ki tace, dusar nan da ake zubarwa ita ce faibar da ke rage saurin shigar suga jini. Ƙaramin kofi ya isa, hukumar lafiya ta Birtaniya ma shawarar da take ba kowa ita ce kar a wuce mil 150 a rana a irin waɗannan abubuwan sha. In tana da na'urar gwaji ta gwada kafin ta sha da kuma awa biyu bayan ta sha, wannan zai nuna muku yadda jikinta ke karɓa, sannan ku gaya wa likitanta, musamman in akwai matsalar ƙoda domin ayaba da fiya suna da sinadarin fotasiyam da yawa kuma akan taƙaita wa masu ciwon ƙoda shi.

TAMBAYA: Yarana biyu, ɗaya shekara huɗu ɗaya wata tara. Ana ce min abu mai sanyi da safe na sa mura, kuma ko zan iya ɗanɗana wa ƙaramar?

AMSA: Mura ƙwayar bairos ce ke kawo ta, daga mutum zuwa mutum ake ɗauka, ba daga kofi mai sanyi ba. Abin da sanyi kan jawo shi ne ɗan sarawar goshi in yaro ya zuƙa da sauri, yana wucewa nan da nan, sai dai in kin lura naki yana tari duk lokacin da ya sha mai sanyi sosai ki bari ya ɗan saki tukunna. 'Yar wata tara za ta iya shan yogot marar suga da aka yi da dafaffiyar madara, da ayaba ko mangwaro da aka murƙushe, ki ba ta da cokali kuma ba da ƙanƙararsa ba. Amma dan Allah ban da zuma ko ɗigo har sai ta cika shekara ɗaya, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke jawo wa jarirai cutar botulizim, wadda ke raunana jijiyoyi har ta taɓa numfashi.

TAMBAYA: Ni madara na kumbura min ciki, yogot ma zai yi min haka? Kuma ba ni da bilenda.

AMSA: Da yawan masu irin matsalarki suna shan yogot lafiya 'yar uwa, saboda ƙwayoyin da ke mayar da madara yogot sun riga sun cinye wani kaso na sugan madarar da ke damun cikin, kuma masu ran cikinsu suna taimakawa wajen narkar da saura. Ki gwada da babban cokali biyu ko uku ki ga yadda zaki kwana, wanda aka tsane ruwansa ya fi sauƙi, kuma ki sassauta da ruwa maimakon madara. Amma in abin da madara ke miki ƙaiƙayi ne ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wannan wata matsalar ce daban, kar ki gwada sai kin ga likita. Rashin bilenda kuwa ba zai hana ki ba, ki zaɓi masu laushi, ayaba nunanniya da mangwaro marar zare, ki murƙushe da cokali mai yatsu a kwano har su yi sumul, ki juye a kwalba mai faɗin baki tare da yogot mai sanyi ki rufe gam ki girgiza sosai, in kina son ƙarin sanyi ki tsoma kwalbar cikin kwanon ƙanƙara minti goma kafin ki sha.